Kun Tambaya Mun Amsa: Agwagwar Mandarin, Da Gaske Akwai Ta Ko Haɗin Hoto Ce?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon wasiƙun da suka taru kusan duk a kan tsuntsuwa ɗaya suke, agwagwar nan mai ado da ake ce wa mandarin, to sai na ga gara in haɗa su wuri guda in amsa, tunda abu ne da na daɗe ina so mu zauna a kansa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah wani hoto na gani a Facebook, wata agwagwa ce kalarta ta yi yawa, ga ja ga ruwan lemo ga shunayya ga fari, har da wasu abubuwa biyu a tsaye a bayanta kamar an soka mata mafici. Ni dai na ce haɗin kwamfuta ne, ƙanina ya ce a'a akwai ta, har musu ya kai mu ga ɗaga murya. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Ɗan'uwa ƙaninka ne da gaskiya, sai ka ba shi haƙuri. Akwai ta, halittar Allah ce, kuma abin da ka gani toron ne wato namijin, don macen ba haka take ba sam. Asalinta gabashin Asiya ne, can gabas mai nisa na Rasha wajen kogin Amur da Ussuri, da arewa maso gabashin Sin, da Koriya da Japan. Masana kimiyya suna kiranta Aix galericulata, sunan ya samo asali ne tun 1758 daga Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin wanda ya tsara sunayen halittu, kuma kalmar ta biyun daga Latin take, ma'anarta 'yar hula, saboda tukkun da ke kanta.

Yanzu bari in ba ka alamomin da zaka duba, don nan gaba ko an kawo maka hoton bogi ka gane. Fara da baki, na toron ja ne, ƙarshensa da ɗan fari-fari. Daga ido akwai wani farin zane mai faɗi da ya lanƙwasa ya yi baya kamar jinjirin wata, ya bi ta gefen tukku, shi kuma tukkun kore ne da ruwan jan ƙarfe yana sheƙi in rana ta doke shi. A kumatu da wuya akwai dogayen gashi ruwan lemo suna zubowa kamar saje ya haɗe da gemu. Ƙirjin shunayya ne mai duhu, a gefensa layuka biyu farare a tsaye da baƙi a tsakani, ciki fari tas, ƙafa ruwan ɗorawa mai sirkin lemo. Sai maficin nan biyu da ka ambata, waɗanda su ne suka fi ruɗa mutane, ba wai wani abu aka liƙa ba, gashi ne ƙwaya ɗaya tak a kowane fiffike, daga ciki kusa da jiki, ya yi faɗi fiye da 'yan uwansa ya miƙe sama, Turawa suna kwatanta shi da filafilan jirgin ruwa. In ka ga hoto an yi masa guda uku ko huɗu, ko an mayar da shi shuɗi gaba ɗaya, to nan ne hannun mutum ya shiga.

Kuma ba babba ba ce fa, hoto ne ke kumbura ta. Tsawonta daga baki zuwa wutsiya santimita 41 zuwa 49 ne, in ta buɗe fukafukai 65 zuwa 75, nauyi kuwa rabin kilo da ɗan ɗoriya, wato ko kusa ba ta kama ƙafar agwagwar gida ba.

TAMBAYA: Ina karatu a Ingila, akwai wani tafki da itatuwa suka kewaye kusa da inda nake, tun watan Fabrairu nake ganin guda biyu, ɗaya mai kwalliya ɗaya kuma toka-toka ba wani kyau. To daga Yuli sai mai kwalliyar ya ɓace, yanzu toka-toka biyu nake gani. An kama shi ne ko wani abu ya cinye shi? Kuma me ya kawo tsuntsun Asiya nan?

AMSA: 'Yar'uwa kwantar da hankalinki, mai yiwuwa shine kike gani kullum baki gane shi ba. Toron yana zubar da gashin adon nan gaba ɗaya bayan an gama lokacin aure, wajen Yuni zuwa Agusta, sai ya koma kamar macen sak, toka-toka mai ruwan ƙasa, ba saje ba mafici. Dalili kuwa a lokacin ne yake zubar da manyan gashin fiffike duka a tare, ya yi kusan wata guda ba ya iya tashi, to kin ga wanda ba zai iya gudu sama ba in ya zauna da kaya masu ƙyalli ai ya kira wa kansa ajali, shi ya sa yake saka na ɓuya har sabon gashi ya fito. Wajen Satumba zuwa Oktoba zaki ga ya dawo da adonsa tsaf kamar ba abin da ya faru. In kina so ki tantance yanzu, baki zaki duba, nasa yana nan da jansa ko da ya ɗan dusashe, na macen kuwa toka-toka ne, sannan ƙafarsa ta fi tata haske.

Amma maganar ba wani kyau ɗin nan ban yarda da ita ba gaskiya. Ki samu lokaci ki zauna ki kalli macen da kyau, akwai farin zobe siriri kewaye da idonta da wani layi da ya ja baya kamar ta saka tabarau, maƙogwaro fari, gefen jikinta ɗigo-ɗigo ne farare a jere kamar an zauna an tsara, ga ɗan kore-shuɗi a fiffike in ta miƙe shi. Ni a wajena wanda ya iya gane macen shi ya san tsuntsuwar nan, don toron ko yaro ya gan shi sau ɗaya ya riƙe. Kuma akwai wadda ake ruɗa ta da ita, 'yar uwarta ta kusa, agwagwar Karolina ta Arewacin Amurka, Aix sponsa, su biyun nan kaɗai ne a zuriyar Aix, kuma ita ma ana ajiye ta a lambunan Turai. Toronta ba wahala, idonsa ja ne jawur kuma ba shi da mafici. Matan ne sai an natsu: ta Karolina farin idonta mai kauri ne kamar ɗigon hawaye, kanta ya fi duhu, ƙarshen bakinta baƙi, ta mandarin kuwa zoben siriri ne da jela, ƙarshen bakin mai haske.

Zuwanta Ingila kuwa mutane ne suka kawo ta, tun ƙarni na 18 masu hali suke shigo da ita don ƙawata tafkunan gidajensu, a ƙarni na 20 wasu suka tsere wasu aka sake su, suka tarar da dazuzzuka masu tsofaffin itatuwa da ruwa irin wanda suke so musamman yankin Surrey da Berkshire wajen Virginia Water da gandun Windsor, suka hayayyafa abinsu har a 1971 aka saka ta a jerin tsuntsayen Birtaniya a hukumance, yanzu dubbai ne a can. Akwai su a Jamus wajen Balin da Potsdam, akwai 'yan kaɗan a Kalifoniya. Wasu ma zasu tuna toro ɗaya da ya bayyana a Central Park na birnin Niyok a Oktoban 2018, jama'a suka yi ta tururuwa da kyamara, shi ma da zobe a ƙafarsa, alamar daga hannun wani ya kuɓuce.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne a kan bishiya take ƙwai? Agwagwa fa? To 'ya'yan ta yaya suke saukowa tunda ba su da fiffike, a baki take ɗauko su ko a baya take goya su?

AMSA: Yawwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a duk cikin wasiƙun, don nan ne asalin labarin tsuntsuwar yake. Mu mun saba in an ce agwagwa sai mu hango fili da ruwa, to ita wannan 'yar kurmi ce, rayuwarta a ɗaure take da bishiya. Ba ta son babban ruwa buɗaɗɗe, ta fi son rafi ko ƙaramin tafki da rassa suka sunkuyo a kansa suka yi inuwa, ta shige ƙarƙashi ta lafe, da rana sau da yawa a kan reshe zaka same ta a zaune ba a ruwa ba. Ƙafarta tana da fatar iyo kamar kowace agwagwa amma da farata masu kaifi da take riƙe reshe da su, wutsiyarta ta ɗan fi tsawo, shi ke ba ta damar karkata da juyawa tsakanin itatuwa da gudu ba ta yi karo ba, idonta kuma manya ne saboda duhun kurmi.

In lokacin ƙwai ya zo, wajen Afrilu da Mayu, macen ce ke yawon neman kogo, toron na biye da ita yana jira a reshe tana leƙawa tana fitowa har ta samu wanda ya kwanta mata. Ba ta iya sassaƙa rami da kanta, dole sai wanda ta tarar, inda reshe ya karye ya ruɓe ko inda wani tsuntsu mai sassaƙa ya bari, kuma irin wannan kogon sai a tsohuwar bishiya. Wani yana ƙasa-ƙasa, wani ya kai mita goma ko ya wuce, kuma ba lallai a bakin ruwa ba, wani lokacin da 'yar tafiya. Ba ta ɗebo ciyawa ko kara, lallausan gashin ƙirjinta take tsigewa ta shimfiɗa. Ƙwai 9 zuwa 12 ne galibi, kullum ɗaya, kuma ba ta fara kwanci sai ta gama zubawa, hikimar ita ce duk su ƙyanƙyashe lokaci guda. In aka ga kogo ɗaya da ƙwai ashirin ko fiye to ba na uwa ɗaya ba ne, in koguna suka yi ƙaranci wata macen takan faki ido ta shiga ta zuba nata a na wata, kuma in suka yi yawa mai kwancin ba ta iya rufe su duka, wasu su lalace.

Kwana 28 zuwa 30 take yi a kai, ita kaɗai, tana fita sassafe da yamma ta ci abinci ta rufe ƙwan da gashi kafin ta dawo. To ranar da suka fito, su kwana ɗaya a ciki jikinsu ya bushe, washegari sai uwar ta leƙo ta duba ko ina, in ta ga ba motsin komai ta sauka ƙasa ta tsaya a gindin bishiyar ta fara kira a hankali. Ba ɗauka, ba goyo. Su da kansu suke hawowa bakin kogon da 'yan faratansu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙa ya saki jiki ya faɗo, ya baza 'yan ƙafafu da guntun fiffiken da ko gashin kirki babu, ya daki busasshen ganye ya ɗan yi tsalle ya miƙe ya bi uwarsa. Abin da ya sa ba sa karyewa, ɗan tsakon ko nauyin ƙwan kaza bai kai ba, jikinsa duk laushin gashi ne, iska na tare shi, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, to faɗuwar ba ta da ƙarfin da zata ji masa. Wallahi duk sanda na kalli bidiyon wannan saukowar sai tsigar jikina ta tashi, halitta 'yar kwana ɗaya da ba ta taɓa ganin ƙasa ba, muryar uwa kawai ta ji ta yarda ta yi tsalle.

Daga nan ta tasa su gaba zuwa ruwa, kuma wannan tafiyar ita ce mafi haɗari, ga hankaka ga mujiya ga dabbobin dawa masu farauta, cikin ruwan ma manyan kifaye ba sa ƙyale su, shi ya sa ba duka ke girma ba. In abu ya taso uwar takan yi kamar fiffikenta ya karye tana jan jiki don ta janye shi daga wajen 'ya'yan. Su ke ciyar da kansu tun ranar farko, ƙananan ƙwari suke tsinta a saman ruwa, bayan kwana 40 zuwa 45 sun fara tashi.

TAMBAYA: Me take ci, kuma kukanta irin na agwagwar da muka sani ne?

AMSA: Abincin yana bin lokaci. Daga kaka zuwa hunturu 'ya'yan itatuwa ne da tsaba, musamman 'ya'yan bishiyar nan da Turawa ke kira oak, masu kama da ƙwallo da 'yar hula a kai, haɗiye su take yi ɗungurungum ƙundu ya niƙe, sai shinkafa da sauran hatsin da ya zube a gona bayan girbi. In ɗumi ya shigo ta koma kan ƙwari, dodon koɗi, tsutsa, ƙananan kifi da ganyen ruwa. Da asuba da magariba ta fi kiwo, a ƙasa ko a saman ruwa, ba ta cika nutso ba. Kuka kuwa ba kwak-kwak ba ne, toron ɗan fito yake yi siriri, macen kuma wata gajeriyar ƙara mai kaifi, kuma gaba ɗaya ba masu surutu ba ne, suna da tsoron mutum sosai a can dajinsu na asali.

TAMBAYA: Malam na karanta cewa ita wannan agwagwar in ta yi miji ɗaya shikenan har mutuwa, in ɗaya ya mutu ɗayan ma baƙin ciki ke kashe shi. Abin ya burge ni sosai. Haka ne?

AMSA: Hajiya abin da kika karanta al'adar mutanen can ce, kuma tsohuwa ce ƙwarai. A Sin sunanta yuanyang, yuan namijin yang macen, sun ɗauke ta alamar ma'aurata masu riƙon amana, ana zana ta a kayan aure da matasan kai da tangaran. A Japan oshidori suke cewa, har in mata da miji suna zaman lafiya ba a ganin ɗaya sai da ɗaya sai a kira su da sunanta. A Koriya wonang, ana sassaƙa biyu da katako a ba amarya da ango. Sunan ya shiga bakinsu har duk abu biyu mabambanta da suka dace da juna sai su ce masa yuanyang, a Hong Kong ma haka suke kiran shayin da aka haɗa da kofi. Shi kuwa sunan mandarin Turawa ne suka laƙaba, haka suke kiran manyan ma'aikatan fadar sarakunan Sin masu riguna na alfarma.

Amma abin da masu bin tsuntsayen suka gani ya ɗan sha bamban. Gaskiya ne tun daga kaka suke haɗuwa, toraye da yawa su kewaye mace ɗaya kowa na nuna kansa, ya tada tukku, ya tsoma baki a ruwa kamar yana sha, ya juya ya taɓa maficinsa da baki ta ɓangaren da take, ita ce ke zaɓa, in ta zaɓa kuma su yi wata da watanni tare ko ina kafaɗa da kafaɗa, to wannan mutanen da suka gani suka gina maganarsu a kai kuma ba su yi ƙarya a abin da idonsu ya gani ba. Sai dai in ta shiga kwanci yakan yi gadi a kusa na ɗan lokaci, daga baya ya tafi wajen sauran toraye ya yi zubar gashinsa, renon 'ya'ya ita kaɗai ke yi. Shekara ta zagayo wasu su koma wa juna, wasu kowa ya kama sabo. Ni ban ga wannan ya rage mata komai ba, sai ma ya sa na ƙara ganin girman macen, wadda ake wucewa ba a ɗaukar hotonta.

TAMBAYA: Tana cikin tsuntsayen da suke ƙarewa ne? Kuma mutum zai iya kiwonta?

AMSA: A lissafin ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ba ta cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu yanzu, amma a gidanta na asali ta ragu, kuma duk wanda ya karanta amsar kogon nan ya riga ya san dalili, sare tsofaffin itatuwan bakin rafi ne, don ko an dasa sabbi sai an yi shekaru masu yawa kafin ɗaya ta yi kogo, sannan a da an yi ta kama su ana fitarwa ƙasashen waje saboda kyansu. Na Rasha da arewacin Sin ƙaura suke yi in sanyi ya shigo, su gangara kudancin Sin da Koriya da Japan, akwai wurare irin su Wuyuan a lardin Jiangxi na Sin da garin Hino a yankin Tottori na Japan da suke taruwa da yawa a hunturu mutane na zuwa kallo daga nesa, Koriya ta Kudu ma ta saka ta cikin halittun da doka ta kare. Wani abin da ke taimakawa shine akwatin katako mai rami da ake kafawa a jikin bishiya, tana karɓarsa ta yi ƙwai a ciki.

Kiwo kuwa ana yi a ƙasashe da dama, amma dan Allah kar a ɗauke ta kamar agwagwar gida. Tana tashi sosai, dole wurin ya zama rufaffe da raga har sama, da inuwa mai yawa, da ruwa mai tsafta da ake canzawa, da rassan da zata hau, da akwatin ƙwai a sama ba a ƙasa ba, in an rage mata fiffike a jingina mata katako ta riƙa hawa. Kar a haɗa ta da manyan agwagi, zasu danne ta a wajen abinci. A nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo ba wadda aka kamo daga daji ba, a kuma bincika dokar ƙasar da ake kafin a shigo da ita, don kowace ƙasa da nata sharaɗin kan tsuntsayen waje saboda cuta irin murar tsuntsaye. In an samu biyu a Yuli aka ga duk toka-toka ne, a duba bakin kafin a ce mai sayarwa ya yi cuta.

Sauran wasiƙun da ba su samu shiga ba, musamman ta ɗalibin da ya yi tambaya kan yadda tsuntsaye ke gane hanya in suna ƙaura, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.